Na'urar ƙirga ƙwayoyin jini: ka zaɓa da idon wanda zai riƙa wanke ta

Masu tallan kayan ɗakin gwaje-gwaje sun iya baki. Da ka ce kana neman na'urar da za ta yi maka FBC, wato cikakken ƙirgen ƙwayoyin jini, za su fara lissafo maka yawan abubuwan da take aunawa, da samfur nawa take ci a awa guda, da faɗin allonta. Ba kasafai suke zagayawa da kai bayanta ba, inda jarkoki da tiyo suke, balle su buɗe maka babin kulawa a littafinta. Alhali a wannan babin ne ake gane ko za ta yi shekaru tana aiki, ko kuwa za a lulluɓe ta da zani a kusurwa kafin damina ta zagayo. Mai ƙaramin leb a Kano, ko shugaban sashe a asibitin ƙaramar hukuma, zaɓi uku ne a gabansa: gilashin Neubauer da ake ƙirga ƙwayoyi da ido a kansa ta madubin likita, na'ura mai raba fararen ƙwayoyi gida uku, ko mai raba su gida biyar. Zan gwama su ne ta fuskar wanki da kulawa, domin ta nan kuɗi ke zurarewa, ta nan kuma sakamakon ƙarya ke shigowa.

Sai an san inda datti ke maƙalewa kafin a yi maganar wanke shi. Kusan duk na'urorin da ke kasuwa a kan dabarar Wallace Coulter suke. Injiniya ne ɗan Amurka, ya nemi rajistar dabarar a 1949, aka ba shi a 1953. Ana sirka jini a ruwan gishiri mai ɗaukar lantarki, a zuƙo shi ta wata 'yar huda da lantarki ke bi ta cikinta. Ƙwayar jini ba ta ɗaukar lantarki kamar ruwan, don haka duk wadda ta ratsa hudar sai ta ɗan tare hanya, na'ura ta ji bugu ɗaya. Yawan bugun shi ne yawan ƙwayoyi, ƙarfin kowane bugu kuma shi ne girman ƙwayar. Hudar fararen ƙwayoyi faɗinta wajen maikuromita 100 ne, ta jajaye kuma 70 zuwa 80, wato kusan kaurin silin gashi ɗaya. Duk darajar na'urar, da duk miliyoyin da aka zuba mata, a kan waɗannan hudoji biyu suka rataya.

Abu huɗu ne ke damun hudar, kuma kowanne da maganinsa. Na farko furotin na jini, wanda ke taruwa a bakinta a hankali. Shi ne ya fi haɗari domin ba ya ihu. Hudar tana tsukewa, ruwa yana rage gudu, ƙirge yana sauka, girman ƙwayoyi kuma yana hawa, sai ka ga MCV, wato matsakaicin girman jajayen ƙwayoyi, na marasa lafiya yana ta ɗagawa kaɗan-kaɗan ba tare da na'ura ta nuna wata alamar toshewa ba. Na biyu gudan jini ko zaren daskarewa daga samfurin da ba a juya shi da kyau ba. Shi nan take yake toshewa, na'ura ta tsaya. Na uku gishirin ruwan sirki, wanda ke bushewa ya zama tsakuwa idan na'ura ta daɗe a ajiye. Na huɗu ƙura da ƙananan ƙwayoyin cuta da ke shiga jarkar da aka bari a buɗe. Su na'ura ba ta bambanta su da filatilet, wato ƙwayoyin da ke taimaka wa jini daskarewa, domin girmansu ya yi kusa, maikuromita 2 zuwa 3.

Gilashin Neubauer

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani ga duk wanda ya yi makarantar koyon aikin leb. Zurfin fagen ƙirgen milimita 0.1 ne, kowane babban murabba'i milimita ɗaya ne tsawo da faɗi. A zuba maikurolita 20 na jini a cikin 380 na ruwan Türk, mai fasa jajayen ƙwayoyi ya bar farare, a ƙirga murabba'ai huɗu na kusurwa, a ninka da 50, an sami yawan fararen ƙwayoyi a maikurolita ɗaya. Wankinsa kuwa minti biyu ne: a ɗauraye shi da zarar an gama, kada samfur ya bushe a kai, a goge da alkohol mai ƙarfin kashi 70 da takardar goge madubi, a bar shi ya sha iska. Abin da ke kashe shi biyu ne, gogewa da auduga ko tsumma mai kaushi har layukan su karce, da kuma musanya murfinsa mai kauri da siririn murfin gilashin da ake duba fitsari da shi. Siririn yana lanƙwashewa, zurfin ya canza, lissafin duka ya rushe. Idan ka danna murfi ba ka ga launukan bakan gizo a gefensa ba, bai zauna ba.

Ba ya son wuta sai ta fitilar madubi, ba ya son injiniya, ba ruwansa da zafin Afrilu. Rauninsa a ƙirgen kansa yake. Wanda ya ƙirga ƙwayoyi 100, ko da bai yi kuskure ko ɗaya ba, sakamakonsa na iya kaucewa da wajen kashi 10 cikin 100 saboda yadda ƙwayoyi ke warwatsuwa a fagen. Sai ya ƙirga 400 kafin kaucewar ta sauko zuwa kashi 5. Na'ura dubbai take ƙirgawa a cikin daƙiƙu. Sannan ga gajiyar ido: samfur na talatin a rana ba ya samun kulawar da na farko ya samu, ko wane ne ke kan kujerar.

Duk da haka ban ga leb ɗin da ya kamata ya rabu da shi ba, kuma dalilin yana cikin littafin na'urar kanta. Zan zo kansa.

Mai raba gida uku

Irin su Sysmex KX-21N da magajiyarta XP-300 daga Kobe ta Japan, da Mindray BC-3000 Plus da ƙannenta daga Shenzhen ta China, su ne dokin aikin ƙananan asibitoci. Samfur 60 suke ci a awa. Suna raba fararen ƙwayoyi bisa girma kaɗai: ƙanana, matsakaita, manya. Ruwan aikinsu kaɗan ne, ruwan sirki a kwalin lita 20, da layis mai fasa jajayen ƙwayoyi, da ruwan wanki. A cikinsu babu leza, babu madubai masu buƙatar saiti. Wannan sauƙin shi ne babbar fa'idarsu, domin kusan duk aikin kulawarsu ma'aikacin leb ne ke yi da hannunsa.

Tsarin KX-21N misali ne mai kyau. Kullum kafin a kashe ta a wanke ta da Cellclean, ruwan wankin Sysmex, wanda ke ɗauke da sinadarin haifokulorait, wato bilic, mai ƙarfin wajen kashi 5, a kuma leƙa 'yar kwalbar da ke tare ruwa kada ya shiga famfon iska. Duk mako a wanke tiren da ke ƙarƙashin bawul mai juyawa da ke auna jini. Duk wata a wanke ɗakunan ƙirge da ma'ajiyar dattin ruwa. Duk wata uku a kwance bawul ɗin kansa, faifai uku ne da ke manne da juna, a wanke, a mayar. Babu ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfin mai hankali da safar hannu. Ƙananan na'urorin Mindray ba su da wannan bawul, da sirinji suke auna jini ta allurar zuƙa, don haka abin da za ka fi kula da shi a wurinsu shi ne allurar da 'yar mazubin da ke goge ta, inda busasshen jini ke taruwa.

Da safe kuma, kafin samfurin kowa ya shiga, akwai ƙirgen fanko, wato na'ura ta ƙirga ruwan sirki zalla. Iyakar da irin waɗannan na'urori ke yarda da ita wajen fararen ƙwayoyi 300 ne a maikurolita, filatilet kuma 10,000. Wannan lamba ta biyu abin tsayawa ce a yi tunani. Lafiyayyen mutum filatilet ɗinsa 150,000 ne zuwa 400,000, don haka dattin 10,000 ba ya canza komai a kansa. Amma mara lafiyar da nasa suka faɗi ƙasa sosai, kamar yadda ake gani a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko a masu shan maganin kansa, likita na duba lambobi irin 10,000 da 20,000 ne ya yanke shawarar ƙarin jini. Idan na'ura ta tashi da fankon 25,000 aka yi ko-in-kula aka ci gaba, an ba wannan mutumin filatilet ɗin da ba shi da su, a kan takarda. Shi ya sa ma'aikacin da ke tsallake ƙirgen fanko don layi ya yi tsawo ya fi wanda ya rufe taga ya ce a dawo bayan rabin awa laifi.

Idan hudar ta toshe, na'urorin suna da matakansu: a turo ruwa ta baya ya fitar da abin da ya maƙale, a ƙona bakin hudar da bugun lantarki mai ƙarfi, in bai yi ba a jiƙa da ruwan wanki na mintunan da littafi ya faɗa. Sysmex har da ɗan buroshi na musamman take haɗowa. Abin da ba a yi shi ne zura allura ko silin waya. An fafe hudar ne a jikin dutse mai tauri amma mai saurin tsagewa, kuma karce ɗaya ya isa ya canza girman kowace ƙwaya da za ta bi ta nan har ranar da za a sayi sabuwa.

Da me za a wanke?

A nan ne aka fi gardama, kuma zaɓi ne mai zaman kansa. Ruwan wanki iri biyu ne a asali. Akwai mai bilic, irin Cellclean, mai narkar da furotin da gudan jini cikin mintuna, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta. Kaifinsa ne amfaninsa, shi ne kuma illarsa: idan ya daɗe a ciki yana cin ƙarfe, yana busar da tiyo da robobin da ke hana yoyo, kuma ɗigon da ya rage ba a ɗauraye ba yana fasa ƙwayoyin samfurin da ya biyo baya. Akwai kuma mai enzayim, irin Coulter Clenz ko E-Z na Mindray, wanda ke cin furotin a hankali, ana iya barinsa ya kwana a cikin na'ura ba ya ɓata komai. Shi na tsare gida ne, ba na kashe gobara ba. Babban gudan jini ba zai narke masa da wuri ba. Gishirin da ya bushe kuwa, daga mai bilic har mai enzayim babu gwaninsa, tataccen ruwa mai ɗumi ne ke narkar da shi.

Sai tambayar da kowa ke yi idan ruwan kamfani ya ƙare kuma dila ya ce kaya na hanya: a sa Hypo ko JIK? Amsar ba "a'a" ce kai tsaye ba. Littattafan wasu na'urorin Beckman Coulter da kansu suna koyar da wanke huda da bilic, amma da sharaɗi: ya zama zalla, marar turare, a sirka shi da tataccen ruwa daidai awon da aka faɗa. Matsalar ta kasuwa ita ce ba ka san abin da ke cikin robar ba. JIK na yau da kullum ƙarfinsa kashi 3.5 ne a rubuce, amma bilic yana rasa ƙarfi da zafi da hasken rana, kuma robar da ta yi watanni a rumfar kwano ba ta kai abin da ke jikin takardarta ba. Wasu nau'o'in an sa musu turare ko abin ƙara kauri, waɗanda ke barin saura a tiyo. Ba a kuma tace shi don ya bi ta hudar maikuromita 75 ba. Hukuncina shi ne: idan littafin na'urarka bai ambaci bilic na gida ba, bar shi ga benci da ƙasa. Can ma yana da aiki babba, domin jinin da ya zube da ƙarfin kashi 0.5 ake rufe shi, wato awo ɗaya na bilic mai 3.5 da awo shida na ruwa, a haɗa sabo kullum. Kada kuma ya haɗu da ruwa mai asid, irin ruwan Türk, a mazubi ɗaya, domin iskar kulorin ce ke tashi.

Ruwan sirki ma haka. Akwai kamfanoni da ke yin wanda suka ce ya dace da na'urar wani, kuma a cikinsu akwai masu kyau. Wanda ya koma irin wannan, ya sani ƙarfin gishiri da yadda ruwan ke ɗaukar lantarki suna taɓa girman da na'ura ke gani, don haka sai an sake gwadawa da jinin kwantirol, wato jinin gwaji da kamfani ya riga ya san ƙirgensa, wataƙila a sake saiti, kuma garantin kamfani yakan faɗi. Abin da ba shi da uzuri shi ne juye ragowar tsohuwar jarka a cikin sabuwa don kada a yi asara. Lita ɗaya da aka ceto tana iya ɓata ashirin. Haka ɗauraya da fiya wata ko ruwan batir na bakin titi da sunan tataccen ruwa.

Mai raba gida biyar

Irin Mindray BC-5000 da BC-5150, ko jerin XN-L na Sysmex. Jajayen ƙwayoyi da filatilet har yanzu ta huda suke bi, don haka duk abin da aka faɗa a sama yana nan daram. Ƙarin shi ne fararen ƙwayoyi suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya ta cikin siririn bututun gilashi, hasken leza yana dukansu, na'ura tana karanta yadda hasken ya watsu. Da haka take ware ire-iren fararen ƙwayoyi biyar kowanne daban.

Ribar a fili take. A na'urar gida uku, iyosinofil, farar ƙwayar da ke ƙaruwa idan akwai tsutsa a jiki ko asma, yana ɓuya a cikin rukunin matsakaita tare da wasu iri biyu. A yankin da tsargiya da tsutsar ciki da asma suka yi yawa, wannan lamba ce da likita ke so ya gani ita kaɗai. Asibitin da ke kula da masu kansa, ko mai likitan jini, yana buƙatar adadin niyutirofil, fararen ƙwayoyin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, da za a dogara da shi. Waɗannan na'urori sun kuma fi iya ɗaga tuta idan suka ga baƙuwar ƙwaya.

Kuɗin wannan riba a kulawa ake biyansa. Ruwan aiki ya ƙaru: layis iri biyu a ƙananan Mindray, a XN-L kuma har da rini mai ƙyalli. Yawancinsu a kulle suke da lambar da na'ura ke karantawa, ba za ta karɓi na wani kamfani ba, don haka dila ɗaya ya riƙe maka wuya. Kowace kwalba da aka buɗe tana da wa'adi, galibi wajen wata biyu zuwa uku, ko ka yi aiki da ita ko ba ka yi ba. Kunnawa da kashewa kansu suna shan ruwan aiki, saboda haka leb mai samfur takwas a rana yana iya ƙarar da rabin kayansa a wankin safe da yamma. Wankin kullum, abin mamaki, ya fi na gida uku sauƙi, sau da yawa kwalba ɗaya za ka miƙa mata ka danna maɓalli. Amma ranar da bututun gilashin ya yi datti fiye da abin da ruwan wanki zai fitar, ko ƙura ta hau madubai, ko leza ta kauce, hannunka ya fita. Sai injiniyan kamfani, kuma tambayar da za ka yi tun kafin saye ita ce a wane gari yake kwana. Injiniyan da ke Legas da wanda ke Kano ba ɗaya ba ne ga mai leb a Gusau ko Azare.

Zafi ma ya fi taɓa su, domin aikin layis da rini a kan ƙwayoyi yana tafiya ne da yanayin ɗaki. Yawancin na'urorin, uku da biyar, an rubuta musu aiki tsakanin digiri 15 zuwa 30. A Sakkwato ko Maiduguri, watan Afrilu yana haura 40. Wanda ba zai iya riƙe na'urar sanyaya ɗaki tana aiki duk tsawon yini ba, bai shirya wa gida biyar ba, ko da kuɗin sayenta na aljihunsa.

Abin da wanki ba ya gyarawa

Akwai kurakuran da ake ɗora wa datti alhali na'urar fes take. Ƙasarmu ce ta fi kowace yawan masu sikila a duniya, kuma jininsu yana rikita na'urar huda ta hanya biyu. Jajayen ƙwayoyinsu wani lokaci suna ƙin fashewa da layis, sannan jininsu yakan ɗauki jajayen ƙwayoyi 'yan jarirai masu cibiya, waɗanda na'urar gida uku ke ƙirgawa a matsayin farare. Sai takarda ta fito da fararen ƙwayoyi masu yawan ban tsoro, a ɗora yaro kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Maganin wannan shi ne shimfiɗa jini a gilashi a duba: a ƙirga masu cibiya nawa ne a kowane fararen ƙwayoyi 100, a ninka sakamakon na'ura da 100, a raba da 100 haɗe da wannan adadin. Masu ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma jajayen ƙwayoyinsu kan ƙanƙance har na'ura ta lissafa wasu a cikin filatilet.

Ga kuma dalilin da na ce a riƙe Neubauer. Ruwan ƙashin baya na lafiyayyen babba bai wuce fararen ƙwayoyi 5 a maikurolita ba. Na'urar gida uku kuwa, ko da ta fi kowace tsabta, an yarda mata ta ga 300 a ruwan da babu komai. Ba za ta iya wannan aiki ba, kuma mu a yankin sanƙarau muke, wanda ya yi ɓarna a 1996 ya kuma dawo Zamfara da Sakkwato a 2017. Wasu manyan na'urori suna da tsari na musamman don ruwan jiki, amma ƙaramin asibiti a lokacin zafi gilashinsa da madubinsa ne abin dogaro.

Wuta ita ce ɗayar. Bugun da filatilet ke yi ƙarami ne ƙwarai, don haka hayaniyar lantarki daga janareta, ko injin juya jini da ke kan benci ɗaya, ko firij da ke soket ɗaya, tana shiga a matsayin ƙirge. Idan fankon filatilet ya ƙi sauka bayan an wanke an sake jarka, a duba wayar da ke zuwa sandar ƙarfen da aka binne a ƙasa kafin a sake zuba bilic. A lokacin rani ƙasar da ke kewaye da sandar tana bushewa, aikinta ya ragu. Stabilaiza kaɗai ba ta isa ba, ana son UPS ko inbata mai tsabtatacciyar wuta da za ta riƙe na'ura har ta gama abin da take yi. Wutar da ta ɗauke jini yana tsakiyar tiyo, aka bar shi ya kwana, gobe toshewa ce. Da hunturu kuma, murfin jarka a rufe, tagar da ke kusa a rufe, a riƙa kaɗe matatar iskar na'ura. In za a yi dogon hutu ko yajin aiki, kada a kashe ta kawai a tafi. Akwai tsarin zubar da ruwan cikinta a ɗauraye da tataccen ruwa, yana cikin littafi, kuma shi ne ke hana tarar da tiyo cike da gishiri.

Rabin toshewa ma daga wurin ɗibar jini take farawa. Kwalbar EDTA, mai hana jini daskarewa, a cika ta zuwa layi, a juya ta a hankali sau takwas zuwa goma nan take, ba sai an gama rubuta suna ba. Jinin yatsa ko diddigen jariri ya fi saurin yin gudaji, a duba shi da ido kafin a miƙa wa allura.

Ta yaya za ka san wankin naka yana aiki? Da jinin kwantirol, matakai uku, ƙasa da tsakiya da sama, irin Eightcheck-3WP na Sysmex. A firij yake zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma da an buɗe shi kwanakinsa ƙidayayyu ne. Yana da tsada, na gida biyar ya fi, kuma shi ne abu na farko da ake yankewa idan kuɗi ya yi wuya. A sa shi a lissafi tun farko. A zana sakamakon kullum a jadawalin Levey-Jennings, mai nuna yadda sakamakon kwantirol ke kauce wa tsakiya, domin taruwar furotin ba ta bayyana a rana ɗaya, sai dai ka ga ɗigo shida ko bakwai suna hawa a jere. Akwai kuma awon da ba ya cin ko sisi: a jinin da ƙwayoyinsa ke daidai, himogulobin sau uku ya kamata ya zo kusa da PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, da bambancin da bai wuce 3 ba. Idan samfurori da yawa a jere suka saɓa wannan, ba marasa lafiyar ba ne, na'urar ce. Masu duba leb daga hukumar MLSCN mai kula da aikin leb a Najeriya, da masu ba da shaidar ingancin leb ta ISO 15189, takardar kulawa mai kwanan wata da sa hannu suke nema, ba rantsuwar cewa ana yi ba.

To, wanne?

Asibitin sha-ka-tafi ko ƙaramin leb da bai wuce samfur goma a rana ba, wutarsa kuma ba tabbas: Neubauer, injin PCV, na'urar auna himogulobin ta hannu, da madubi mai kyau. Na'urar ƙirge a irin wannan wuri ruwan aiki za ta riƙa sha tana lalacewa da zama. FBC ɗin da ya zama dole a aika shi inda ake yi da yawa.

Leb mai samfur ashirin zuwa sittin, da sola ko inbata, da ɗakin da za a iya rufewa: gida uku, kuma a nan ne na fi tsayawa da ƙarfi. Abin da ta gaza a rarrabe fararen ƙwayoyi, shimfiɗar jini a gilashi tana cike shi, abin da kuma ya lalace a cikinta yawanci naka ne gyarawa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta ƙirga jini idan tana jiran injiniya mako uku.

Asibitin ƙwararru, asibitin koyarwa, ko leb mai samfur ɗari da ke karɓar aiki daga likitocin jini da na yara: gida biyar, tare da yarjejeniyar kulawa a rubuce, kuma a ajiye ta gida uku a gefe tana aiki ko da samfur kaɗan ne kullum, don kada ta bushe.

Yadda za a mallake ta ma zaɓi ne. Saye kai tsaye yana ba ka 'yanci, ya bar maka gyara. Tsarin da kamfani ke ajiye maka na'ura kyauta kai kuma ka ɗaure kanka da sayen ruwan aikinsa yana da kyau ga mai samfur da yawa, domin tsayuwar na'urar asararsu ce, za su zo da wuri. Ga mai samfur kaɗan, mafi ƙarancin kayan da aka wajabta masa saye duk wata zai cinye ribar. Wadda aka riga aka yi amfani da ita kuwa, aka shigo da ita daga Turai, a nemi ganin adadin zagayen da ta yi a allonta, a tabbatar har yanzu ana samun kayan gyaranta, domin tsofaffi irin KX-21N an daɗe da maye gurbinsu. Kada a biya sai an kunna ta a gabanka: ƙirgen fanko ya sauka ƙasa da iyaka, samfur ɗaya a maimaita shi sau goma a ga ko lambobin suna tsayawa wuri ɗaya, sannan a sa jini mai yawan ƙwayoyi a bi shi da ruwan sirki a ga nawa ya tsallako. Wanda zai riƙa rufe ta kullum da yamma ya kasance a wurin, shi za a koya wa kwance bawul da wanke allura, kuma a bar masa littafin a leb, ba a ofishin mai gida ba.